Sabo Turken Wawa: Yadda Na Rabu da Dungeons & Dragons Bayan Shekara Shida



Yau maganata a kan wani wasa ce da na san da yawanku ba ku taɓa yi ba, wasu ma ko sunansa ba su taɓa ji ba. Ku daure ku biyo ni, domin a ƙarshe kan alƙalumanmu zancen zai sauka. Sunan wasan Dungeons & Dragons, masu yin sa suna taƙaita shi su ce D&D. Shekara shida na yi ina yin sa kusan kowane mako. Shi ya fara koya mini yadda ake riƙe hankalin mai sauraro, kuma shi ne ya lalata mini littafin farko da na rubuta. Yanzu na ajiye shi. Abokan wasana har yau suna cewa laifina ne, wai wasan zai ɗauki kowane irin labari in dai mai jan sa gwani ne. Wannan maganar na zo in ƙaryata, saboda irinta nake ji a bakin marubuta game da salon da suka saba da shi.

Ga yadda ake yin sa. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai jan wasa: shi ke bayyana gari da daji, shi ke magana da bakin sarki da ɓarawo da dodo. Sauran kuwa kowa yana da tauraronsa guda ɗaya, wanda aka rubuta bayaninsa a takarda: ƙarfinsa, zafin namansa, juriyarsa, ƙwaƙwalwarsa, basirarsa da kwarjininsa, kowanne da lambarsa. Mai jan wasa zai ce, "Kun iso ƙofar gari da magariba, an riga an rufe, mai gadi yana hararar ku. Me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da tauraronsa zai yi. In abin mai wuya ne, sai a jefa dais, wato irin 'yar ƙwayar nan ta ludo, sai dai wannan fuska 20 gare ta. Lamba ta yi sama ka yi nasara, ta yi ƙasa ka faɗi. Ba a sa ko kwabo, kuma babu wanda ya ci wani. Tatsuniya ce wadda masu sauraro suke da baki a cikinta.

A 1974 aka fara buga shi a Amurka. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka tsara shi, kamfanin TSR da ke wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin ya fitar. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, a 1999 shi ma Hasbro ya saye shi. Bugu na biyar, wanda ni na sani, ya fito a 2014. Daga nan wasan ya sake tashe, musamman da shirin Critical Role ya fara nuna shi kai tsaye a intanet a 2015, sannan fim mai dogon zango na Stranger Things ya nuna yara suna yin sa a 2016.

A wannan shekara ta 2016 ni ma na faɗa ciki, lokacin ina karatu a Ingila. Wanda ya san hunturun can ya san yadda ƙarfe huɗu na yamma duhu yake rufe gari, ka rasa wanda za ka yi wa sallama. Wani ɗan ajinmu ya gayyace ni gidansu ranar wata Asabar. Na je don in rage dare, na dawo da asuba ta kusa. Bayan shekara guda na zama mai jan wasa. Da na dawo gida a 2019 muka ci gaba ta intanet, har zaman kullen korona duk da shi muka ci.

Ba zan yi butulci ba. A teburin nan na koyi abin da babu littafin koyon rubutu da ya koya mini. Marubuci ba ya ganin fuskar mai karatu, amma mai jan wasa yana gani. In bayanin daji ya wuce jimla uku, za ka ga hannuwa sun fara laluben waya. In ka kawo mutum cikin labari ba shi da abin da yake so, mako mai zuwa ba wanda zai tuna sunansa. In ka tsayar da wasa daidai lokacin da ƙofa ta buɗe, duk mako za a yi ta damun ka da saƙo. Waɗannan darussa har gobe ina cin moriyarsu.

RANAR DA NA GANE

A farkon 2022 na shirya wani labari da nake ji da shi. Wata ƙaramar masarauta ce, sarki ya tsufa, yana da 'ya'ya maza biyu, kowa da ɗakinsu. Ƙaramin, wanda uwarsa ƙwarƙwara ce, shi ne abokin taurarin 'yan wasana. Wata shida suna yawo tare, ya sha fitar da su daga halaka. Na sa aka kashe shi a hanya ba sa nan, kuma su ne za su kai gawarsa gida su sanar da uwarsa. Mako uku ina shirya wannan fage. Na rubuta yadda za ta tarbe su da ruwa da fura ba ta san abin da ke waje ba, yadda za ta tambaye su ko ɗanta yana cin abinci sosai. Ina so in ga wanda zai iya buɗe baki a cikinsu.

Da muka zo wurin, na bayyana tsakar gidan, na yi shiru. Sai ɗaya daga cikin 'yan wasan, wanda tauraronsa mai warkarwa ne, ya ce, "Kwana nawa da mutuwarsa?" Na ce huɗu. Ya buɗe littafi, ya ce to ai da sauƙi. Kada wani ya zabura, duk a tatsuniya muke: a dokokin wasan akwai wani siddabaru mai suna Raise Dead, yana dawo da wanda bai wuce kwana 10 da mutuwa ba, abin da ake buƙata kawai lu'ulu'u ne da ya kai darajar zinare 500. Kuma suna da shi a jaka. Sauran suka hau murna. Cikin minti biyu, makokin da na yi mako uku ina ginawa ya koma lissafin kuɗi.

A daren na ji haushinsa. Da na kwanta sai na ga ba shi da laifi ko kaɗan. Dokar tana nan a rubuce, kuma wata shida ya yi yana tara maki don ya kai matakin da zai iya wannan abu. Ina iya cewa ran mamacin ya ƙi dawowa, dokar ta ba ni wannan dama, amma dukanmu za mu san ƙwace na yi masa. Ni ina son labarin rashi da kunya da nauyin baki. Wasan kuwa an gina shi ne don mutuwa ta zama matsala mai farashi. Ni ne na kai akuya kasuwar shanu.

ABIN DA TSARI YA AUNA

D&D jikan wasan yaƙi ne. Kafin shi, Gygax da Jeff Perren sun fitar da wani wasa mai suna Chainmail a 1971, inda ake jera 'yan ƙananan mutum-mutumin sojoji a tebur ana gwabzawa. Daga jikinsa D&D ya tsiro, kuma jinin bai bar shi ba. A bugun farko-farko, dukiyar da ka kwaso daga kogo ita ce babbar hanyar samun makin da zai ɗaga ka. A bugu na biyar, kowane dodo yana da makin da ake samu in an ga bayansa. Littattafan wasan manya guda uku ne, kuma ɗaya daga ciki, Monster Manual, daga farko har ƙarshe dodanni ne da lambobinsu.

Ku duba yadda wasan yake raba lokacinsa. Zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa shida ne a cikin labari. Faɗan da bai wuce rabin minti ba yakan ci mana fiye da awa guda a tebur, saboda akwai doka a kan tazarar taku, da wanda zai fara kai sara, da abin da sulke zai tare. Amma in tauraronka yana so ya roƙi mahaifinsa gafara bayan shekara goma da fushi, sau ɗaya za ka jefa dais, a tara da lambar kwarjininka, shi ke nan. Mutum ya sha sara har ya suma, ya yi hutun awa takwas, ya tashi garau kamar ba a yi ba. Babu jinya, babu dubiya, babu tabo. Matakan tauraro daga 1 ne zuwa 20, kuma sama kawai ake yi. Babu dokar da ta san mutum yana tsufa ya rasa ƙarfin da yake taƙama da shi.

Don adalci, a takardar tauraro akwai 'yan ƙananan gurabe da aka ware don halinsa da aibinsa da abin da ya ɗaure masa zuciya, kuma mai jan wasa yana iya ba da tukuici in an yi aiki da su. Amma ku auna waɗannan 'yan gurabe da ɗaruruwan shafukan makamai da siddabaru, za ku san inda zuciyar wasan take. Ɗan wasa ba wawa ba ne. Abin da ya ga ana aunawa ana sakawa, shi zai nema. Tun 1999 wani mai tsara wasanni, Ron Edwards, ya rubuta maƙala mai suna System Does Matter, wato tsari yana da tasiri, kuma har yau ana jayayya da shi. Ni dai gani ya kori ji.

LITTAFIN DA YA TAFI A BANZA

Abin da ya fi yi mini ciwo ba a tebur ya faru ba. Tsakanin 2018 da 2020 na rubuta littafin jarumta da Hausa, shafi fiye da 200. Jarumai biyar ne: mai takobi, maharbi, ɓarawo mai wayo, boka, da wata mai magani. Bayan kowane babi uku akwai faɗa, kuma kowane abokin gaba ya fi na baya girma. Ban lura ba a lokacin, amma takardun wasa ne na mayar da su babi-babi.

Na ba yayata ta karanta. Ita tun zamanin hayar littafi take karatun Hausa, ba a yi mata burga. Bayan mako guda ta miƙo mini, ta ce, "Ya yi daɗi, amma ina da tambaya. Waɗannan jaruman naka daga sama suka faɗo? Ba su da uwa, ba su da dangi, ba wanda ya taɓa aiko musu cewa ana biki ko an yi rasuwa?" Na ce, "Yaya, ai labarin jarumta ne." Ta ce, "To jarumin da ba shi da wanda yake jin kunya, ni me ya dame ni in ya mutu?"

A lokacin na ce a raina ba ta fahimci irin wannan adabi ba ne. Sai daren lu'ulu'un nan maganarta ta dawo mini. A teburin D&D yawancin taurari marayu ne masu yawon duniya, saboda dangi nauyi ne, kuma wasan ba shi da ma'aunin nauyin dangi. Na kwaso wannan maraicin na zuba a littafin da na rubuta wa mutanen da ko gaisuwa ba sa gamawa sai sun tambayi gida da yara.

Ku ɗauki littattafai biyu da kuka sani, waɗanda dukansu daga gasar rubutu ta 1933 suka fito. Ganɗoki na Bello Kagara zai zauna daram a teburin D&D, don takobi ne da yaƙi da kirari. Amma ku gwada zuba Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a ciki. Uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta, wace lamba za ka ba ta? Nawa ne makin haƙurinta? Tsarin ba ya ganin ta, alhali ita ce mai karatu ba ya mantawa.

HUJJOJIN DA AKE KAWO MINI

Ta farko ita ce wadda na fara da ita: gwani zai iya komai da shi. Gaskiya ne gwanin ɗan acaɓa yana iya ɗora buhun masara uku a babur ya kai kasuwa lafiya. Wannan bai mayar da babur akori-kura ba. Kuma ku saurari masu wannan hujja in suna ba da labarin daren da ya fi yi musu daɗi. Sau da yawa za ku ji sun ce, "Ranar ko dais ba mu taɓa ba." To in daren da ya fi daɗi shi ne wanda aka ture dokokin gefe, don me muke dakon littattafai uku masu shafi kusan 1,000? Gwanintar mai jan wasa ce ta yi aikin, tsarin kuma yake karɓe yabon.

Ta biyu: ka gyara dokokin mana su dace da kai. Na gyara. Ina da littafin rubutu guda da na cika da dokokin gida: na rauni mai daɗewa, na mutunci, na bashi, na zumunci. Wata rana na duba sai na ga faci ya fi yadin rigar yawa. Har ma na yi abin da nake zaton shi ne maganin: na sauya wa wasan tufafi. Na mayar da mayaƙan Turai 'yan lifidi, na sa ganuwa da rawani da algaita. Ba ni na fara wannan tunani ba. TSR da kansa ya fitar da Al-Qadim a 1992, mai kama da duniyar Dare Dubu da Ɗaya, kuma a 2002 an buga Nyambe, wanda aka gina a kan tatsuniyoyin Afirka da ƙashin bayan dokokin D&D. Ina girmama wannan ƙoƙari. Amma a teburina, bayan duk rawunan nan, abin da 'yan lifidina suke yi bai sauya ba: su shiga kogo, su kashe abin da ke ciki, su kwashe dukiya, su ƙara mataki.

Ta uku: ai shi kowa yake yi, in ka bar shi da wa za ka yi wasa? Wannan tana da ƙarfi, kuma na ɗanɗana, domin cikin abokaina huɗu biyu ne kawai suka biyo ni. Amma wannan hujjar kasuwa ce, ba ta ce komai a kan labari ba. A Janairun 2023 an ga haka ƙarara. Tun shekarar 2000 akwai lasisin da ya ba ƙananan mawallafa damar gina littattafansu a kan dokokin D&D. Sai daftarin sauya shi ya fito fili, 'yan wasa suka tayar da ƙura, har kamfanin ya janye, ya kuma saki ainihin dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons. A cikin fushin nan mutane da yawa suka fara leƙa wasu wasanni, kuma da dama cikinsu Pathfinder suka nufa. Shi kuwa Pathfinder, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2009, daga jikin wani tsohon bugun D&D aka ciro shi. Wanda ya bar tuwon masara ya koma na dawa ai bai bar tuwo ba.

Ta huɗu ita ce mai taɓa zuciya: ashe za ka juya wa abin da ya raine ka baya? Malamin da ya koya mini baƙi da wasali a aji ɗaya, har yau in na gan shi sai na durƙusa. Amma da na zauna a ajinsa shekara shida, shi da kansa zai kore ni da bulala. Kuma waɗanda suka fi cin moriyar wannan wasa a adabi, wucewa suka yi. Steven Erikson da Ian Esslemont, 'yan ƙasar Kanada, sun fara gina duniyar Malazan a teburin D&D, daga baya suka koma wani tsari mai suna GURPS, sannan Erikson ya fitar da Gardens of the Moon a 1999, na farko cikin littattafai goma. A Japan, Record of Lodoss War ya fara ne a 1986 a matsayin rubutaccen zaman wasan D&D a mujallar Comptiq. Ryo Mizuno ya mayar da shi littafi, su kuma abokan aikinsa suka tsara nasu wasan, Sword World, a 1989. Babu ɗayansu da ya zagi tushensa, kuma babu wanda ya tsaya a can.

ABIN DA NA TARAR A WAJE

Da na fita sai na ga ashe duniyar tana da faɗi. Apocalypse World na Vincent da Meguey Baker, wanda ya fito a 2010, dais biyu kawai yake buƙata, irin na ludonmu masu fuska shida. Ka samu 10 ko sama, ka yi nasara. Ka samu 6 ko ƙasa, abu ya ɓaci. Amma ka samu 7 zuwa 9, ka samu abin da kake so tare da asara ko zaɓi mai ɗaci. In ba a ƙara komai ba, cikin hanyoyi 36 da dais biyu za su iya faɗuwa, 15 a wannan tsakiyar suke. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan a matsayinku na marubuta. Ta auri wanda take so, amma mahaifiyarta ba ta zo bikin ba. Ya samu aikin, amma da takardar ƙaninsa. A nan labari yake zaune.

Sai Hillfolk na Robin D. Laws, wanda ya fito a 2013. A cikinsa kowane tauraro yana da abin da yake nema a zuciyar wani tauraron, kamar yafiya ko girmamawa ko ƙauna, da dalilin da ya sa ba zai samu cikin sauƙi ba. A kowane fage akwai mai roƙo da wanda ake roƙo. Wanda aka hana yana samun tukuici, wanda ya sassauto ya bayar shi ma yana samu, kuma wanda ya tara tukuici yana iya tilasta a sassauta masa daga baya. Da wannan tsari na sake jan fagen uwar nan da abokaina biyu. Minti arba'in muka yi a tsakar gidan. A ƙarshe ɗayansu ya kasa, ya ce mata ɗanta yana nan tafe bayan damina. Wannan ƙaryar ita ta riƙe mana labari wata uku, kuma ba a zare takobi ko sau ɗaya ba.

Kada a ce na ce waɗannan sun fi D&D ta kowace fuska. In abin da kake so shi ne ku shiga kogo ku biyar ku yi dabarar kashe dodo, D&D ya san aikinsa sarai. Jayayyata da masu cewa ya iya kowane aiki ce.

MU KUMA FA?

Na san wani yana cewa, mu da ba mu taɓa ganin dais mai fuska 20 ba, ina ruwanmu? Ruwanmu ya yi tsaki, domin kowannenmu yana da nasa D&D ɗin. Akwai tsarin da ya koya mana rubutu, muka so shi, kuma yana da abin da yake aunawa. Ga mai sakin labari kullum a WhatsApp ko Wattpad, ma'aunin shi ne yawan masu cewa a ci gaba. Wannan ma'auni yana son kowane shafi ya ƙare da suma ko mari ko buɗe ƙofa. Ba ya son shiru, ba ya son mutumin da yake sauyawa a hankali. Kuma yana da jerin taurarinsa kamar yadda D&D yake da mai takobi da boka: attajiri mai girman kai, yarinya talaka mai tsiwa, uwar miji, kishiya da malaminta. Har namu siddabarun tayar da matacce muna da shi. Labari ya kai inda dole jarumi ya mutu, masu karatu suka yi ca, sai ga shi bayan babi biyar, ashe hatsarin bai kashe shi ba, mantuwa ce ta same shi a wani ƙauye.

Ban raina wannan salo ba. Ya koya wa dubban mutane riƙe mai karatu, kuma akwai waɗanda a cikinsa gwanintarsu take, su ci gaba Allah ya ƙara basira. Maganata da wanda labarin da ke cinsa a rai ya daina shiga wannan ma'auni ce, amma yana ta datse shi don ya shiga, yana faɗa wa kansa cewa gwani zai iya komai da kowane salo. Alamomin ba su da wuyar ganewa. Fagen da ka fi so a littafinka shi ne wanda kake tsoron masu karatu za su tsallake. Kana rubuta babi ka san ƙarshensa tun kafin ka fara, kuma ba ka jin komai. Kana yawan ba kanka haƙuri cewa littafi na gaba ne za ka rubuta na gaskiyar. Ni shekara biyu na yi ina ganin irin waɗannan alamomi a teburina ina kawar da kai, saboda a can abokaina suke, a can aka san ni da gwaninta. Hausawa suka ce sabo turken wawa, kuma ni na ga igiyar a ƙafata.

Ga aikin da nake ba mu a wannan mako. Ɗauki babi ɗaya na abin da kake rubutawa. A gefen kowane fage rubuta amsar tambaya biyu: wa yake neman wani abu a wurin wa, kuma me ya biya kafin ya samu? In ka tarar fage uku a jere babu mai roƙo, ko kuma kowa yana samu kyauta, to tambayi kanka wa ya zaɓa maka wannan fagen, kai ko tsarin da ka saba da shi. Sannan ka rubuta fage guda wanda ka san ma'auninka na yanzu ba zai saka maka a kansa ba. Ba sai ka nuna wa kowa ba.

Littattafan D&D ɗina suna nan a kan kanta, ban sayar ba. Da hutun da ya wuce na ja wa 'ya'yan yayata wasa da su, suka kashe wani ƙaton gizo-gizo, suka yi ta ihu har uwarsu ta leƙo ta ce mu rage murya. A shekarunsu wannan shi ne daidai, kuma na ji daɗin ranar. Littafin jaruman nan biyar kuwa na rufe shi. Wanda nake rubutawa yanzu a kan mutum ɗaya ne da aka aika ya kai saƙon rasuwa, ya yi kwana uku a garin bai iya faɗa ba. Yaya ta karanta babi biyu, ta ce in kawo sauran.

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ga fili ga mai doki. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.